Faifan Malam: Kwana Biyu a Furfuri

Taubashina ne ya kira ni wata Talata da la'asar, ina shago a Zariya ina kwance wata firinta. Bai tsaya tsokanar da muka saba ba. Daga gaisuwa sai ya ce, "Yaya, kwamfutar ta sake faɗuwa. Inna ta ce in ba ka samun zuwa, a maida faifan cikin akwati, ta haƙura."

Gwaggo, wato Innarsa, ba mai roƙo ba ce. Duk ranar da ka ji ta ce ta haƙura da abu, to ranta na kansa. Na ce masa ya kifa kwamfutar ya karanto mini lambar da ke manne a ƙasanta, harafi bayan harafi, kuma kada kowa ya ƙara taɓa faifan sai na iso.

A 2013 aka yi walimar saukar karatun wannan taubashin nawa. Babban wansu, da ke aiki a Jidda, ya zo gida da kyamarar bidiyo ya ɗauki taron tun daga shimfiɗa tabarmi har watsewa. Da ya koma sai ya sa aka zuba masa hoton a faifan Blu-ray, ya aiko da shi ta hannun alhazai. A ganinsa ya zaɓo wa iyayensa mafi kyau, kuma haka ɗin ne. Sai dai na'urar DVD ce kaɗai a gidan, ita kuwa aka saka mata faifan ta juya shi, ta juya shi, ta ce babu komai a ciki. Aka naɗe shi a ɗankwali aka jefa ƙasan akwati. Katin kyamarar kuma an daɗe da goge shi an ɗauki wasu abubuwa. Bayan shekaru Allah ya yi wa Malam, mijin Gwaggo, rasuwa, sai aka tuna cewa a ƙarshen walimar nan shi ya rufe taro da addu'a, kuma babu wani wuri a duniya da muryarsa da fuskarsa suka rage tare sai cikin wannan faifai. Shi ya sa yaron ya tara kuɗin wake ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, irin wadda ake kira 'yar Beljiyam, don kawai an ce masa tana karanta Blu-ray.

Daren Alhamis na cika filashi biyu da duk abin da nake zaton zan buƙata. Na haɗa da sukundireba, ƙaramin buroshi, da rumbun ajiya na waje. Wanda ya san Zamfara ba ya dogara da cewa zai sauke abu daga intanet in ya isa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro, mutane suka koma aika saƙo a takarda ta hannun direbobi. Tun daga lokacin, 'yan uwana na can sun fi yarda da abin da za su riƙe a hannu.

Da hantsin Jumma'a na shiga mota a Kwangila. Ba a sammako a hanyar nan yanzu, ba a kuma yin dare. Muka wuce Samaru da Shika da Giwa ana hira, wani na waya da dillalin masara, wata tsohuwa na rarraba mana gyaɗa. Hunturu ya sauka sosai, hazo ya rufe gonaki, an girbe dawa an jingine kara. A Funtuwa muka tsaya aka sha mai, motocin auduga na wucewa a hankali kamar raƙuma. Garin ya daɗe da auduga. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, kayan gona irin waɗannan aka shimfiɗa shi ya ɗauka.

Daga Sheme zuwa 'Yankara hirar ta fara raguwa. Da muka shiga ƙasar Tsafe, wajen Wanzamai da Kucheri, sai ta mutu gaba ɗaya. Direba ya kashe rediyo, ya zuba ido kan motocin da ke tahowa daga gaba, domin ganinsu shi ne shaidar cewa hanya lafiya. Kowa ya san abin da ake tsoro, ba wanda ya ambata. Tsohuwar nan tana jan carbi, ni kuma na rungume jakata. Sai da muka bar shingen jami'an tsaro na bakin Tsafe wani ya yi gyaran murya ya tambayi farashin buhun gero. Can gaba dutsen Kwatarkwashi ya bayyana cikin hazo, wanda tsofaffi ke ba da labarin kamun maiki a kansa, na san Gusau ta kusa. A tasha na tarar da taubashina yana jira, muka yi sallar Jumma'a a gari, sannan muka nufi Furfuri. A hukumance garin yana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Bungudu, amma kusancinsa da Gusau ya sa harkokin mutanensa na yau da kullum can suka fi karkata.

Gwaggo ta tarbe ni da fura da nono, ta hana a yi maganar kwamfuta sai na ci tuwo. Bayan la'asar ta fito da ɗankwalin da kanta. "Ɗana, ga shi nan. Mun yi mai duk abin da anka ce, ya ƙiya."

Abin da aka ce ɗin ne ya tayar mini da hankali. Wani ya ce a goge shi da man goge baki, an goge. Wani ya ce a sa shi cikin randa ya yi sanyi. Wani maƙwabci har ya kawo shawarar fetur, Allah ya sa Gwaggo ta ce a'a. Na ɗaga shi a hasken rana ina dubawa, gabana na faɗuwa. A faifan DVD, rubutun yana tsakiyar roba, da kauri a kansa. A Blu-ray kuwa yana dab da fuska, abin da ya rufe shi bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, sai wani shafi mai tauri da masu ƙera shi suka yi masa don kariya. Wannan shafin ne ya cece mu. Akwai 'yan zane-zane marasa zurfi, amma ban ga mummunan rauni ba.

Na ce a kunna in gani. Hoto ya fito tar, har ana iya ƙirga zaren hular mai shimfiɗa tabarma. Yara na guje-guje, ana shigo da manyan robobin waina. Can nesa, a bakin zaure, ga Malam cikin farar riga yana magana da wani. Gwaggo ta matso. Sai hoton ya daskare, sauti ya maƙale yana maimaita gaɓa ɗaya, allo ya yi baƙi, ya dawo, ya sake yin baƙi, sannan ya koma shuɗi da farin rubutu. Kwamfuta ta mutu ta tashi da kanta. Gwaggo ba ta ce komai ba, ta koma kan tabarmarta. Wata biyu ke nan suna ganin wannan mintuna huɗu na farko, Malam yana tsaye daga nesa, bai taɓa ƙarasowa ba.

A sana'armu, tambaya ta fi sukundireba aiki. Na tambayi yaron, "Kullum a daidai wurin nan take faɗuwa?" Ya ce a'a, wata rana minti biyu, wata rana har huɗu. "In ka sa faifan wa'azi na DVD fa?" Ya ce lafiya lau har ƙarshe. "Bidiyon waya?" Shi ma lafiya. Nan na fara samun natsuwa. Zane a jikin faifai ba ya tafiya. Inda ya tsayar da kai jiya nan zai tsayar da kai yau. Ciwon da ke sauya wuri ba a jikin faifai yake ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Kafin in taɓa komai sai na yi abin da ya kamata a yi tun ranar farko. Na buɗe faifan a matsayin ma'ajiya, ba a matsayin fim ba, na shiga jakar BDMV, na shiga STREAM, inda ainihin bidiyon yake, na kwafe duka zuwa rumbuna. Faifan fim na kanti yana da makullin da ake kira AACS wanda ke hana irin wannan, amma na gida da mutum ya zuba abinsa ba shi da shi. Muka zauna muna kallon koren layi yana tafiya a hankali. Da ya kai ƙarshe ba tare da ya yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, na sauke ajiyar zuciya. Ko yanzu kwamfutar ta ƙone, Malam ya fita daga haɗari. Kuma kwafin ya wanke mutum biyu a lokaci guda: faifan lafiyarsa ƙalau, na'urar da ke karanta shi ma haka. Na kunna kwafin daga rumbu, babu faifai a ciki sam, bayan minti uku allo ya sake yin shuɗi.

Saura zafi da wuta. Na kwance bayanta, na tarar fanka ta yi dam da ƙurar hunturu kamar an liƙa mata auduga. Na share, na mayar, na ɗora ta a kan murfin kwano don iska ta ratsa. Ta faɗi. Na zare caja daga janareta na bar ta kan batir kaɗai, ko wutar ce ke rawa. Ta faɗi. Taubashina ya ce, "Yaya, ko dai a yi mata fomatin?" Na ce masa fomatin ba magani ba ne in ba ka san ciwon ba, kuma ina zargin daga wajen fomatin ɗin aka kwaso shi.

Karo na gaba na sa shi ya riƙe waya ya ɗauki hoton shuɗin allon kafin ya ɓace. Mutane suna tsoron wannan allo, alhali shi ne kaɗai lokacin da kwamfuta ke faɗin abin da ke damunta da bakinta. A ƙasa an rubuta VIDEO_TDR_FAILURE, tare da sunan wani fayil na direban hoto.

Gwaggo ta ji ina ta ambaton direba, ta ce, "Wane direba kuma? Mota ta shigo cikin zancen?" Na ce mata, Gwaggo, ɗauke shi kamar tafinta. A cikin kwamfutar nan akwai mai gida, shi ne Windows, akwai kuma ma'aikacin da ke zana hoto a allo. Ba sa jin yaren juna, sai an sa tafinta a tsakani. In maganar gaisuwa ce da cefane, ko tafintan da bai ƙware ba zai iya. Amma ranar da aka shiga shari'ar gado, nan ake gane wanda ya iya. Ta ce, "To wanga faifai shi a shari'ar gadon." Na ce shi ne.

Gaskiya ne kuma, ko a lissafi. Hoton DVD irin namu ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye. Na Blu-ray 1920 ne da 1080, wato ɗigo 2,073,600, ninki biyar cif, kuma ana sauya su sau da yawa a kowace daƙiƙa. Faifan DVD mai shafi ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, na Blu-ray 25, saboda hasken leza mai launin shuɗi da ke karanta shi ya fi jan na DVD siriri, shi ya sa na'urar gidan ta kasa ganin komai tun 2013. Sannan an matse bidiyon da tsarin H.264, wanda warware shi aiki ne mai nauyi. Don haka manhajar kallo ba ta barin wa babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta wannan kaya, sai ta miƙa wa sashen hoto ta hannun direba. Tun daga Windows Vista aka sa wani mai gadi a wannan ƙofa: in sashen hoto ya yi daƙiƙa biyu bai amsa ba, sai a tashe shi da ƙarfi. Baƙin da allo ke yi ya dawo, shi ne wannan tashin. In an tashe shi bai tashi ba, sai a tsayar da komai, domin direba a can cikin ɗakin mai gida yake zaune, in ya rikice ba a san abin da zai ɓata ba. Duniya ta ga girman wannan a ranar 19 ga Yuli 2024, lokacin da sabuntawa ɗaya ta manhajar tsaro ta CrowdStrike, mai aiki a wannan zurfin, ta jefa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro da takarda.

Zargi ba hujja ba ne, sai na gwada. Na shiga saitin manhajar kallo ta VLC na kashe miƙa aikin ga sashen hoto, na tilasta wa babbar ƙwaƙwalwa ta ɗauki kayan ita kaɗai. Hoton ya riƙa tafiya yana ɗingishi, fanka na kuka, amma minti goma, sha biyar, ba ta faɗi ba. Na tsayar da shi da gangan kafin a kai wurin addu'ar Malam. Ban so Gwaggo ta fara ganinsa yana tsalle-tsalle kamar hoton da iska ke kaɗawa.

Sauran labarin yana jikin kwamfutar a rubuce. Takardar da ke manne kusa da madannai ta nuna da Windows 7 aka haife ta. Wanda ya sayar ya ɗora mata Windows 10, sannan ya yi abin da da yawa daga cikinmu masu gyara muke yi don sauri: ya soka filashi mai tarin direbobi, ya danna maɓalli ɗaya, ya bar manhaja ta zaɓa. Ita kuwa irin mai sashen hoto biyu ce, ƙarami mai tattalin batir da babba mai ƙarfi, suna miƙa wa juna aiki. Irin waɗannan sai direbobinsu sun zo a jere, sun san juna. Nan an ba ƙaramin na wani zamani, an ba babban na wani zamani daban. Wannan ɗabi'a tana ba ni haushi, domin kwamfuta za ta fita shago tana sheƙi, mai saye ya biya ya tafi, sai ranar da ya ɗora mata abin da ya saye ta dominsa ta kasa, shi kuma ya zargi kansa ko kayansa.

Bayan magariba na tashe ta a yanayin kariya, inda Windows ke tashi da kayan aiki kaɗan, na sa manhajar DDU ta share tsofaffin direbobin hoto har saiwa. Na saka na ƙaramin, na sake tayarwa, na saka mafi sabunta na babban da na zo da shi. Muka kunna. Minti bakwai, allo ya yi baƙi. Tsugune ba ta ƙare ba.

Na kwana ina juya abin. Sabon direba an yi shi ne da sababbin na'urori a zuciya. Tsohuwa irin wannan sai dai a ja ta a baya. Abin da take so shi ne wanda kamfanin da ya haɗa kwamfutar ya gwada a kanta ya ajiye a shafinsa, ko da ya tsufa. Ban zo da shi ba, sabis ɗin cikin gidan kuma ba zai ja fayil mai nauyi haka ba.

Da safe muka shiga keke napep zuwa Gusau. Muka zauna a benci a gaban shagon wani mai cajin waya, na haɗa wayata da kwamfuta, muka sha shayi muna jira. Mai shagon ya leƙo ya ga lambobi na tafiya, ya ce shi ma yana da wata a gida mai irin wannan shuɗin. Na rubuta masa a bayan takardar kati abubuwan da zai duba, na ce ya sauya abu ɗaya kawai a kowane gwaji, in ya sauya uku ta warke ba zai san wanne ne maganin ba. Kafin azahar mun koma Furfuri. Na sake sharewa, na saka tsofaffin biyun bi da bi, ƙarami kafin babba, na kuma hana kwamfutar sauya su da kanta. Na rufe ƙofar ɗaki na kalli bidiyon ni kaɗai daga farko har ƙarshe, da faifan a ciki, awa ɗaya da 'yan mintuna. Ba ta ko yi tari ba.

Ban gaya wa kowa ba sai bayan isha'i. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka ɗora kwamfutar a kan turmi da aka kifa, aka jona mata 'yar lasifika. Matan maƙwabta suka shigo da mayafansu saboda sanyi. Da aka zo minti na huɗu na ga kowa ya ɗauke numfashi, sun saba nan ake rabuwa. Malam ya gama maganarsa a bakin zaure, ya juyo, ya tako zuwa cikin taro, yana gyara hannun riga kamar yadda ya saba. Wata ƙaramar jika da ba ta taɓa ganinsa ba ta ce, "Wane ne wancan?" Ba wanda ya iya ba ta amsa.

Aka ga yaron yana karatu a allonsa da aka yi wa zayyana, murya na rawa. Aka ga rabon waina. Aka ga mutane da dama da yanzu ba su, ana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya ana cewa Allah ya jiƙansa. Sannan Malam ya zauna, kyamara ta matso har ana ganin furfurar gemunsa, ya ɗaga hannu. Ya yi wa yaron addu'a, ya yi wa malamansa, ya roƙi damina mai albarka da zaman lafiya a ƙasar Zamfara. Duk tsakar gidan aka ɗaga hannu ana amsawa da amin, tare da mutanen cikin hoton, har ba ka bambance muryar 2013 da ta daren nan. Gwaggo ta shafa tare da shi.

Da aka watse ta kira ni gefe. "Ɗana, ana iya sa min shi cikin waya? Ko muryar kaɗai ta isa." Na kwana ina matse bidiyon da manhajar HandBrake har ya koma ƙaramin fayil da kowace waya za ta ɗauka, na kuma yanke addu'ar daban na mayar da ita sauti zalla. Na zuba a katin wayarta, na zuba a na taubashina, na bar musu filashi ɗaya, na riƙe kwafi a rumbuna don in aika Jidda in na isa inda sabis ke da ƙarfi. Direbobin nan biyu kuma na ajiye su a jaka guda a cikin kwamfutar, na sa mata suna da manyan baƙaƙe: KADA A GOGE.

Ranar Lahadi da hantsi, bayan motocin farko sun fara isowa daga Funtuwa, na yi sallama. Gwaggo ta cusa mini ƙullin kuka da daddawa a jaka, ta naɗe faifan a ɗankwalinsa ta mayar ƙasan akwati. Ina ɗaure takalmi a zaure na jiyo muryar Malam daga cikin ɗakinta, ƙasa-ƙasa, tana fita daga 'yar wayar.